Miligiram 3 a Indiya, 8 a Gida: Yadda Aka Daidaita wa Wata Yarinya Magani Bayan Dashen Ɓargo

Jakar leda ce ta haɗa ni da wannan lamari. Wata safiya bayan an gama girbin gero, wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya shigo ɗakin magani na asibitin da nake aiki a Jigawa, ya zube kwalaye a kan tebur, ya ce, “Malam, duba mana waɗannan. ’Yar ƙanena ce aka yi wa dashen ɓargo a Indiya. Sun dawo, uwarta ta rasa wanne ne na safe, wanne ne na dare.” Na yi shekaru ina harhaɗa magani, na kuma sha ganin masu dashen ƙoda suna zuwa neman takrolimus, maganin danne garkuwar jiki, amma ranar na fara riƙe takardar sallamar mai dashen ɓargo. Abin da ke tafe shi ne abin da ya biyo baya cikin wata 10, kamar yadda yake a littafina da littafin uwar yarinyar. Na sakaya sunanta da na ƙauyensu.

Yarinyar da dashen

Shekararta 11, nauyinta kilo 28, sikila ce, SS. Ƙauyensu yana ƙasar Ringim, kuma in ka haɗa acaɓa zuwa bakin titi da jiran mota ta cika, tafiya Kano ta fi awa 2. Tana shekara 9 wata rana bakinta ya karkace, hannun hagu ya yi sanyi, sai da aka yi mata ƙarin jini ya dawo. Wannan ne ya sa iyayen suka fara jin maganar dashe, domin yaron sikila da ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana cikin hatsarin ta maimaita.

Gidan mata biyu ne, ’ya’ya 13, sai mahaifin ya ɗauka mai bayar da ɓargo ba zai yi wuya ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Alamomin da ake gwadawa, waɗanda ake kira HLA, rabi daga uba suke zuwa rabi daga uwa, saboda haka a wajen shaƙiƙi ake sa ran cikakkiyar dacewa, shi ma 1 cikin 4 ne. ’Yan uba, komai shaƙuwa, rabi ne iyakar abin da ake tsammani daga gare su. Waɗanda suke ciki ɗaya da ita su 3 ne, Allah ya sa yayanta ɗan shekara 14 ya dace. AS ne, hakan kuma ba ya hana bayarwa.

Ana yin wannan aiki a Najeriya. Asibitin Koyarwa na Jami’ar Benin ya fara a 2011, na Jami’ar Legas ya bi sahu a 2024. Su dai Indiya suka nufa saboda Alhaji ya san hanya. Gona ɗaya ta tafi, da shanun huɗa biyu, ’yan kasuwa suka cika saura. Sun yi kwana 100 da ɗoriya bayan dashen kafin a sallame su.

Me ya sa sai an danne garkuwar jiki

An ce baƙo raɓa ne, amma wannan baƙon so ake ya tare har abada. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da dakarunsa yake tafe, domin a ɓargo ake haifar ƙwayoyin garkuwar jiki. A dashen ƙoda mai gida ne ke neman korar baƙo. A dashen ɓargo rigimar fuska biyu gare ta. Ragowar garkuwar yarinyar na iya korar ɓargon yayanta, sikila ta dawo. Dakarun yayan kuma na iya ɗaukar jikin ƙanwarsa a matsayin abokin gaba su far masa, galibi fata da hanji da hanta. Wannan ta biyun ita likitoci ke taƙaitawa da GVHD. Ga mai sankarar jini, ɗan wannan faɗan yana da amfani, don yana cinye ragowar sankarar. Ga mai sikila ba shi da ko ɗaya, wahala ce zalla.

Takrolimus shi ne linzamin. An samo shi a 1984 daga wata ƙwayar halitta a cikin ƙasa a yankin Tsukuba na Japan. Kano ba baƙuwarsa ba ce, tun 2002 ake dashen ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, don haka akwai likitoci da masu awo a birnin da suka saba da shi. Matsalarsa ita ce tazarar da ke tsakanin “ya yi kaɗan” da “ya yi yawa” ƙanƙanuwa ce ainun. In ya yi kaɗan baƙo ya yi tawaye. In ya yi yawa ya taɓa ƙoda, ya hau da jini, ya kawo karkarwa da ciwon kai, har jijjiga. Shi ya sa ba a dogara da adadin da aka haɗiya, sai an auna abin da ya rage a jini daf da shan na gaba. Yawancin cibiyoyin dashe suna neman lambar ta zauna tsakanin nanogiram 5 da 15 a kowace mililita. Ita an rubuta mata 6 zuwa 10.

Takardar sallama ta ce miligiram 1.5 safe da yamma, wato 3 a rana, awon ƙarshe a Indiya kuma 9. Tare da shi akwai borikonazol na rigakafin cututtukan fumfuna, da asaikulobiya, da Septrin, da fenisilin na rigakafin wasu ƙwayoyin cuta. Wata likitar jini a Kano ce ta karɓi ragamar kulawa, tana tuntuɓar na Indiya ta WhatsApp. Ni aikina in tsaya tsakaninta da ƙauye. Ban taɓa ƙara ko rage ƙwaya ɗaya da kaina ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi.

Abu na farko da muka yi shi ne tsayar da lokaci. Abinci, musamman mai maiƙo, yana rage yawan takrolimus da ke shiga jini, don haka muka zaɓi ƙarfe 7 na safe kafin koko, da 7 na yamma bayan magariba, tuwo kuma sai bayan isha’i. Uwar ta yi Islamiyya, tana rubutun ajami mai kyau. Na ba ta littafi mai fallaye 40, na ce, “Malama, duk abin da ya shiga bakinta da sunan magani, rubuta shi da lokacinsa.” A lokacin na ɗauka ƙaramin abu na yi.

Ƙurajen da aka ce na zafi ne

Mako 3 da dawowarsu wa’adin borikonazol ya cika, kamar yadda takarda ta tsara, aka daina. Kowa ya yi murna, an rage ƙwaya ɗaya mai tsada. Bayan kwana 12 uwar ta kira ni ta ce yarinya na soshe-soshe, kakarta ta ce ƙurajen zafi ne, an shafa mata hoda. Ƙurajen zafi ana tsakiyar hunturu? Na ce a turo hoto. Bayan kunnuwa da wuya sun yi feshin ƙuraje, amma abin da ya faɗar mini da gaba tafin hannunta ne, ya yi ja kamar an cire lalle bai kama ba. Tafin ƙafa ma haka. A baƙar fata jan ƙurji ba ya fitowa sosai a jiki, tafin hannu ne ke tona asiri, kuma nan ne GVHD ta fata ta fi son farawa.

Aka auna jini, lamba ta fito 2.8. Daga 9, alhali ba ta tsallake ko sau ɗaya ba, littafi ya shaida.

Ruwa ba ya tsami banza. Hanta da bangon hanji suna da sinadarai masu narkar da takrolimus, manyansu CYP3A4 da CYP3A5. Borikonazol yana ɗaure su. Ɗaurin yana da ƙarfi har takardar maganin da kanta ta ce in za a fara shi a mayar da takrolimus kashi 1 cikin 3. Ke nan miligiram 3 ɗin da aka sallame ta da shi adadi ne na mai hanta a ɗaure. Da aka kwance, sai hantar ta koma aikinta gadan-gadan. Wannan abu ne sananne, ni ma na san shi a takarda, amma na bar shi ya wuce ni saboda hankalina yana kan abin da za a ƙara, ba abin da za a cire ba. Kamata ya yi a auna jininta cikin makon da aka daina, a fara ƙari tun kafin fata ta yi magana.

Likita ta ninka zuwa 3 safe 3 yamma, ta ba da man shafawa mai sitiroyid, tunda ƙurajen ba su kai kashi 1 cikin 4 na jiki ba, babu zawo, ido bai yi shawara ba. Bayan kwana 5 lamba ta hau 5.5. Aka kai 4 da 4, ta zauna a 7.4. Fata ta lafa cikin mako 2.

Miligiram 8 a rana ga yarinya mai kilo 28 ya tsorata Alhaji. Ya ce, “Malam, wani abokina babban mutum mai dashen ƙoda bai kai haka ba. Anya ba za a kashe ta da magani ba?” Tambayarsa tana kan hanya, amsarta kuma tana cikin gado. Mafi yawan Turawa sun gaji CYP3A5 da ba ya aiki. A Afirka ta Yamma akasin haka ne, fiye da rabin mutane nasu yana aiki, saboda haka jikinsu na da ma’aikata biyu inda Bature ke da ɗaya. Wata ƙungiyar masana da ake kira CPIC ta fitar da ƙa’ida a 2015 cewa mai irin wannan gado a fara masa da ninki 1.5 zuwa 2 na adadin da aka saba, kada dai farawar ta wuce miligiram 0.3 a kowane kilo a rana. Nata 8 ɗin ya kama 0.29. Ga shi kuma yara sun fi manya saurin narkar da shi in aka kwatanta da nauyinsu. Adadin da ke cikin yawancin littattafanmu a jikin wasu mutane aka fara gwada shi, mu kuma muka haddace.

Alhaji ya ce to a yi gwajin gadon mana. A nan akwai wani tarko da ya burge ni. In ka ɗebi jininta yau ka duba ƙwayoyin gado, na yayanta za ka karanta, don jinin nasa ne yanzu. Hantar da hanjin da ke narkar da maganin kuwa nata ne. Sai dai a goge cikin kumatunta, ko a nemo jinin da aka ajiye kafin dashe. Ba mu yi ba. Gwajin yana da amfani kafin a fara magani, mu kuwa awo uku sun riga sun nuna mana irin hantar da muke hulɗa da ita, kuɗin ya fi amfani a awo na gaba.

Lambar da ta yi ƙarya

Wata guda bayan haka sakamako ya zo 19. Likita ta kira ni da dare, tana shirin cewa a tsallake na safe a rage adadi. Abin da ya tsayar da mu shi ne yarinyar garau take, ba karkarwa, ba ciwon kai, awon ƙoda daidai. Na kira uwar na ce, “Malama, buɗe littafi. Ranar da kuka je Kano ƙarfe nawa ta sha?” Ta ce, “7 daidai, Malam, a cikin mota. Ai kai ka ce ko sama za ta faɗo kada ya wuce 7.” Jinin kuma an ɗauka wajen 9 da rabi.

Laifina ne. A awon baya mahaifin ne ke kai ta, na yi masa bayani baki da baki, ban maimaita wa uwar ba. Takrolimus yana kai ƙololuwa a jini cikin awa 1 zuwa 3 bayan haɗiya, sannan ya yi ta sauka. Lambar da ake yanke hukunci da ita ta ƙasan ce, bayan awa 12. Mun auna tudu muna neman mu karanta shi a matsayin kwari. Da an rage mata magani a daren nan, da mun buɗe wa GVHD ƙofa da hannunmu.

Daga nan muka daina kai yarinya wajen awo, muka koma kai jinin. Malamin asibitin sha-ka-tafi na garin da ke kusa da su yakan ɗiba ƙarfe 7 saura kwata a kwalba mai murfi kalar shunayya, wadda ke hana jini daskarewa, yarinyar ta haɗiyi kafsonta a gabansa, ya rubuta lokacin shan jiya da lokacin ɗiba a jikin kwalbar. A sa a fulas da ƙanƙara, a ba direban da muka yarda da shi a tasha. Takrolimus yana manne ne a cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana jure irin wannan tafiya in bai sha zafi ba. Awon da aka sake ya fito 7.9. Hakan ya kuma hutar da ita daga cunkoson mota, wanda ba wurin mai dannanniyar garkuwa ba ne.

Tunda an taɓo jajayen ƙwayoyi, akwai abin lura. Da ɓargon yayan ya kama aiki, jininta ya ƙaru sosai fiye da yadda ta saba duk rayuwarta. Mai yawan jajayen ƙwayoyi lambarsa kan ɗan fi ta mai ƙarancin jini ko da abin da ke aiki a jikinsu ɗaya ne. Don haka 7 ɗin watan farko da 7 ɗin wata na biyar ba tagwaye ba ne, likita takan duba su tare da yawan jinin.

Kwana huɗu na bazara

Wannan ne mafi muni, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Zafi ya kankama, azumi ya shigo. Ta so ta yi, an hana ta, limamin garin ma ya sa baki, domin ƙishirwa da takrolimus abokan gaba ne a wajen ƙoda. Sai ta kama tari da ciwon maƙogwaro. Uwar ta tafi gidan rasuwa a wani gari kwana 2, ta bar wa kishiyarta amanar ƙarfe 7, ita kuma ta riƙe amana tsaf. Ranar kasuwa mahaifin ya biya kemis ya faɗi abin da ke damun ’yarsa, aka ɗaure masa iritromaisin na kashe ƙwayoyin cuta da daikulofenak na rage ciwo a ’yar leda. Bai yi don sakaci ba. Abin da duk uba zai yi ke nan a ƙauyen da asibiti ke nesa, mai kemis ɗin ma ba a gaya masa wace irin yarinya ba ce.

Takardar da suka zo da ita daga Indiya ta yi gargaɗi da manyan baƙaƙe a kan garehul, wani irin babban lemo mai hawar da takrolimus, abin da ba wanda ya taɓa gani a kasuwarsu. Iritromaisin da ake sayarwa ƙwaya-ƙwaya a kowane lungu yana ɗaure sinadaran hantar nan kamar yadda borikonazol ya yi, sai dai yanzu ba miligiram 3 take sha ba, 8 ne. Daikulofenak kuma yana rage jinin da ke ratsa ƙoda, abin da takrolimus ma ke yi. Kwana 2 da farawa sai zawo ya ɓalle.

Da uwar ta dawo ta kira ni. Abin da ta tambaya ba zan manta ba: “Malam, zawo take yi, na san maganin wucewa yake. In ƙara mata ɗaya?” Duk mai hankali haka zai zata, kuma da yawan magunguna haka ne. Takrolimus ya saɓa. Bangon hanji lafiyayye yana narkar da wani kaso nasa, yana kuma tunkuɗa wani kason ya koma cikin hanji kafin ya kai jini. Zawo yana gurgunta wannan shingen, sai maganin ya kwarara ciki. Mai zawo lambarsa hawa take yi. Na ce kada ta ƙara, na tambayi me kuma ta sha. Ta karanto mini abin da kishiyar ta sa ɗanta ya rubuta da boko a ƙasan ajaminta, harafi-harafi, don ba su iya furta sunan ba. Kafin ta gama na ce su taho yanzu, kada a ba ta na yamma sai likita ta yi magana.

Ta iso hannu na rawa, ba ta iya kai moɗa baki sai ruwa ya zube. Kanta na sara. Awon hawan jini 138 bisa 92, wanda ga ’yar shekara 11 ya yi yawa ƙwarai. Sinadarin da ke nuna aikin ƙoda ya ninka, magniziyam ya faɗi. Abin da muke tsoro shi ne wani kumburin ƙwaƙwalwa da ake kira PRES, wanda ke zuwa da hawan jini da ciwon kai da dishi-dishin gani da jijjiga. Masu sikila da aka yi wa dashe sun fi saura faɗawa cikinsa, balle ita da ta taɓa samun shanyewa.

Ga inda aka shiga gaba kura baya sayaki. Zawo a jikin mai dashen ɓargo, wadda fatarta ta taɓa nuna GVHD, yana iya zama GVHD ta hanji. In ita ce, ƙarin danne garkuwa ake bukata da gaggawa. In kuwa iritromaisin ne ya tayar da hanjin, wanda halinsa ne, ko wata ƙwayar cuta daga ruwa, to rage magani ake bukata. Alama ɗaya, hanya biyu masu kishiyantar juna, sakamakon awo kuma sai gobe da yamma. A babbar cibiya za a leƙa hanjin da na’ura a yanko ɗan tsoka a duba. Mu muna da waya, da littafin uwa, da abin da ido ya gani.

Likitar ta bi jerin lokuta. Zawo ya fara bayan iritromaisin, ba kafinsa ba. Babu jini a ciki, babu murɗar ciki mai tsanani, fata lafiya lau, ido fari. Karkarwa da hawan jini da ƙoda kuwa duk yaren takrolimus ne. Ta yanke cewa hatsarin da ke bakin ƙofa shi ne ƙwaƙwalwa da ƙoda. Aka tsayar da magungunan kemis, aka ɗaura ruwa, aka ba da magniziyam, aka fara amlodifin don saukar da jini. Ta ja kunnenmu kada a kuskura a ba da diltiyazam, wani maganin hawan jinin, don shi ma yana hawar da takrolimus. Aka tsallake sha 3 a jere, da sharaɗin in zawo ya ƙaru ko jini ya bayyana a ciki, a wuce da ita Kano a daren. Washegari a can ta kwana duk da haka, don a sa mata ido.

Sakamako ya fito 23, na gaskiya wannan karon, awa 12 cif bayan sha. Zawo ya tsaya a kwana na 3. Ƙoda ta dawo daidai cikin mako guda.

Akwai kuskure na biyu da ake yawan yi bayan irin wannan, kuma saura ƙiris mu yi shi. An mayar da ita kan 2 safe 2 yamma, kowa ya tsorata da maganin, mahaifin ma cewa yake a bar shi haka. Amma ɗaurin iritromaisin kwanaki yake yi ya sake, hanta ta koma halinta. Bayan kwana 8 lamba ta sauka 4.1. Wato labarin borikonazol ne ke neman maimaita kansa. Aka hau 3 da 3, sannan 4 da safe 3.5 da yamma, lamba ta tsaya a 7.

Mahaifin ya zo wurina bayan sallah, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, “Malam, da hannuna na saya.” Na ce masa ni ma da bakina na manta ban faɗa ba, sau biyu. Muka rubuta kati da Hausa, boko da ajami, aka lulluɓe shi da leda, yana rataye a wuyanta duk inda za ta. Sunayen da ke kai ba su da yawa: iritromaisin da ’yar’uwarsa kilaritromaisin, fulukonazol, daikulofenak da ibuprofen, sai rifamfisin na tarin fuka da magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazafin, waɗanda su kuma zubar da lambar suke yi ƙasa warwas. Na je da kaina wajen mai kemis ɗin, ya karɓe ni hannu biyu, ya liƙa kwafi a bangon shagonsa. Kakar ma mun zauna da ita a kan jiƙo da sassaƙe. Ban ce mata ba su da amfani ba. Na ce tukunyar da ba a auna abin da ke cikinta ba, ba za mu iya lissafa ta da wannan kafson ba, ta yi mana haƙuri shekara guda. Ta ce ta ji, kuma littafi bai nuna ta saɓa ba.

Yaushe ake awo in kuɗi ba su isa ba

Kowane awo kuɗi ne, ga na mota, ga ƙanƙara. A cibiyar dashe ana yi sau 2 ko fiye a mako a farkon lamari. Su ba za su iya ba, tumakin uwar sun riga sun ƙare. Abin da muka koya shi ne a kashe kuɗin inda lambar ke iya motsawa: kwana 4 zuwa 5 bayan canza adadi, duk lokacin da aka fara ko aka daina wani magani, in zawo ya wuce yini guda, da ranar da aka canza kamfanin kafso. Wannan na ƙarshen ya taɓa faruwa da na Indiya ya ƙare aka sayo wani a Kano. Na duba kwalin sau biyu, domin akwai takrolimus mai sakin kansa a hankali da ake sha sau 1 a rana, kuma musanya su ba tare da sani ba ya sha jefa mutane cikin hatsari. Launin kafson ya bambanta da wanda uwar ta saba, sai muka koma karanta lambar da ke bayan fallen maimakon launi. In komai na zaune lafiya, awo 1 a mako 3 ya wadatar mana, tare da na’urar awon hawan jini da Alhaji ya saya musu, wadda yayan nata ya ƙware a kai.

Ajiya ma sai da muka yi dabara. Ɗakin kwano a watan Afrilu ya wuce zafin da aka yarda a ajiye maganin, kafson kuma ba ya son laima. Gwangwani mai murfi muka samu, aka ajiye shi a ɗakin ƙasa na kakar, kusa da randa amma ba jikinta ba.

Inda aka kwana

A wata na 9 bayan dashe aka aika jini waje don gwajin da ke nuna kaso nawa na ƙwayoyin jininta na yayanta ne. Ya fito sama da 90 cikin 100, bai kuma ragu daga na baya ba. Da raguwa yake yi, da likita ta jinkirta janye magani. Sai aka fara saukowa da rabin miligiram-rabin miligiram, ana tsayawa mako 2 a kowane mataki, uwar tana duba tafin hannu da cikin baki kowace safiya. Yanzu lambar ba ita ake bi ba, da gangan ake barin ta ta faɗi, jikin ake kallo. Sau ɗaya bakinta ya bushe ya yi fari-fari a gefen kumatu, aka tsaya wata guda a mataki ɗaya har ya wuce.

Gwajin jininta yanzu AS yake nunawa, irin na yayanta, kuma tun dawowarsu ba ta yi ciwon ƙashi ko sau ɗaya ba. Mahaifin ya tambaye ni ko ke nan ranar aurenta takardar gwaji za ta ce AS. Na ce haka za ta ce, amma ƙwan haihuwarta bai canza ba, duk ɗan da Allah ya ba ta zai gaji S daga gare ta, don haka a wajen zaɓen miji a lissafa ta a SS. Na rubuta wannan a bangon littafin da jan biro, uwar ta maimaita shi da ajami a ƙasa.

Littafin na uku ke nan. A makon da nake wannan rubutu tana kan miligiram 1 da safe, rabi da yamma, ta koma makarantar allo, tana zama a gefen da iska ke kaɗawa. Ranar Talata malamin asibiti zai ɗebi jini ƙarfe 7 saura kwata, an riga an yi wa direba magana.